Shekarar da Na Sa wa Akori-kurar Baba Turbo

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Lawal, kun sha jin labarin motar nan daga bakin mutanen da ko sifana ba su taɓa riƙewa ba. Ni da na kwance ta noti bayan noti na sake ɗaure ta, ba ku taɓa ji daga bakina ba. To ga shi yau yadda ya faru, wanda zai ji haushi ya ji.

Motar ta Babanmu ce, tsohuwar akori-kura mai doguwar fuska, wadda a zamaninta ita ce ke kai hatsin ƙauyenmu kasuwar Bakori da ta Funtuwa. A cikinta Yaya Lawal ya koyi tuƙi, a ƙarƙashinta ni kuma na koyi kanikanci. Bayan rasuwar Baba ta yi shekaru a gindin darbejiyar gidanmu na Funtuwa, tayoyi sun zauna, kaji na yin ƙwai a kan kujerar direba, Inna kuma ta hana a sayar. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun yi ta sintiri har suka gaji. Idan suka yi sallama, sai ta ce a gaya musu mai motar ba ya nan.

A shekarar da nake ba ku labari mun riga mun kwaso kowa daga ƙauye saboda 'yan bindiga, amma gona ba ta kwasuwa. Da damina muka riƙa shiga a kan babur, a yi aiki a fito kafin la'asar, Allah kuma ya ba da masara irin wadda muka daɗe ba mu gani ba. Aka karya, aka tara, aka rasa mai ɗaukowa. Direbobin tasha duk sun ce ba su shiga hanyar can bayan Maska, ban kuma ga laifinsu ba. Akwai wani kwari a hanyar inda ake tsallake rafi, daga nan sai hawa mai tsawo, da duhuwar itatuwa dama da hagu. Mota mai kaya idan ta fito daga yashin rafin sai ta koma giya ɗaya tana ja da ƙyar, har mai tafiya a ƙasa ya iya cim mata. A nan mutanen suke jira da baburansu. Wanda ya haye da gudu ya sha, wanda motarsa ta tsaya nishi kuwa sai dai a ji labarinsa. Masarar nan kuma ita ce abincin shekara na gidan Yaya, da gidana, da Inna.

Yaya Lawal ya daɗe yana jan babbar mota zuwa kudu kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Mutum ne mai jiki, mai ƙarancin magana, idan ya faɗi abu kuma ya gama. Wata safiya ya same ni a gindin darbejiyar, ya ɗora hannu a kan bodin motar.

"Sule, ka tada motar Baba. Ni zan shiga in kwaso."

"Yaya, ko na tada ta, da kaya ba za ta iya hawan nan da sauri ba."

"To ka sa ta iya. Ba aikinka ke nan ba?"

Tun a wurin na san ba mota zan haɗa ba, ran yayana zan ɗora a kan abin da hannuna zai ɗaure. Tsoro ya kama ni, ban kuma ɓoye wa matata ba. Amma ba a ce wa Yaya a'a, kuma gaskiya ban ga wata hanya ba.

Muka jawo ta gareji. Injinta na fetur ya riga ya mutu, tsatsa ta cinye shi har ciki, don haka na tafi Kano wajen masu kayan gwanjo na samo injin gas na hannu mai lafiya. A can na ga turbo da aka ciro daga wata ƙaramar motar kaya da ta yi haɗari. Na juya shi, na sa yatsa na taɓa fankarsa, na ji ba ta rawa ko kaɗan, na ɗauka. Tun da yawancinku ba ku san abin ba sai suna, bari in gaya muku. Wani ƙarfe ne mai siffar dodon-koɗi, bai fi ƙwaryar fura girma ba. Hayaƙin da inji ke fitarwa yana juya wata 'yar fanka a gefe ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta a ɗaya gefen, wannan ta riƙa cusa wa inji iska. Idan inji ya sami iska da yawa, ka ƙara masa gas, sai ya yi ƙarfin da ya fi girmansa. Sandar da ta haɗa fankokin ba ta fi fensir kauri ba, gudun da take yi ido ba ya gani, kuma ba abin da ke riƙe da ita sai baƙin man da inji ke turo mata. Inji na aiki, mai na zuwa. Ka kashe inji, mai ya yanke nan take, ita kuwa ba ta san an kashe ba, tana ci gaba da juyawa a bushe da zafi kamar garwashi.

Aikin ya ci ni. Ba a yi injin nan don bodin nan ba, ba a kuma yi turbon don injin ba, komai sai da na ƙirƙira masa wurin zama. Na zauna da mai walda muna yanka bututun salansa muna lanƙwasawa, mu gwada, ya ƙi zama, mu sake yankawa, har ya ce ni dai in ba hauka nake ba to ina hanya. Na ja bututun mai daga jikin inji zuwa saman turbon, na huda kaskon mai na ƙasa na yi masa hanyar komawa. Na sa lagireto babba don kada ta yi zafi, na ƙara mata sifirin a baya saboda nauyin buhuna, na sake burki gaba ɗaya, na buɗe famfon gas kaɗan kaɗan ina sauraron muryar injin. Fenti kawai na bari yadda yake, don Inna ta ce kada a taɓa launin da Malam, wato Baba, ya zaɓa. Masu wucewa suna tsayawa kallo, wasu na dariya, wai Sule zai sa wa tsohuwa takalmin gudu. Oho, ni dai na san abin da nake yi, har yau kuma ina cewa ba a taɓa haɗa aiki mai kyau irin wannan a garejina ba.

Abu ɗaya kawai turbo yake roƙon direba. Idan ka iso inda za ka, ka ɗage ƙafa daga totur, ka bar mota a silo, wato inji na aiki a hankali ba ka taka shi ba, ta huce kaɗan, sannan ka kashe. Shi ke nan. Yaron da ya fara koyon mota jiya zai iya. Amma ba haka Baba ya koya mana ba, ba kuma haka tsofaffin direbobin ƙasarmu suke yi ba. Su kafin su kashe mota sai sun taka totur har ƙasa, ta yi ruri, su murɗe makulli tana cikin rurin, wai don batir ya cika, mai ya hau, gobe ta tashi da bugu ɗaya. Idan kuma suka kama gangara, sai su kashe inji su bar ta ta gangara da kanta don a rage shan mai. A tsohon inji ba komai. A gidanmu ma rurin nan ya zama sallama. Inna tana cikin ɗaki za ta ji, ta ce ga Malam nan, a shimfiɗa tabarma. Da Baba ya rasu, Yaya ya gaji abin, ƙafarsa tana yi ba tare da ya ce mata ta yi ba. A inji mai turbo kuwa, wannan yankan rago ne.

Ranar gwaji muka hau hanyar Bakori da buhunan yashi a baya, Yaya na tuƙi. Da ya taka ta, turbon ya fara fito, motar ta zabura kamar an tsikare ta, na ga Yaya ya ƙanƙame sitiyari yana murmushi. Na daɗe ban ga haƙoransa ba. Ni ma raina ya yi fari, har na ji ƙwalla, don kujerar nan ta Baba ce kuma ga ta tana tafiya. Muka dawo gareji, ya tsaya, ya taka totur har ƙasa, ya murɗe makulli. Injin ya mutu, ni kuma ina jin fankar nan tana ta kuka a ciki ita kaɗai har ta yi shiru. Ku sani, a gidanmu ƙane ba ya gyara wa wansa. Ban taɓa kiran sunansa kai tsaye ba, ban taɓa zama kan tabarma ɗaya da shi ba sai ya ce in zauna. Na sunkuyar da kai, na lallaɓa maganar yadda zan iya.

"Yaya, shi wannan abin da na sa, ba ya son a ba shi wuta kafin a kashe. An fi so a bar ta a silo ta ɗan huta."

"Wa ya fi so?"

"Haka aka yi shi, Yaya. Mai ne yake yankewa."

"Sule, ina jan mota kana tallan rake. Yau kai za ka koya mini kashe ta?"

Ya sa makulli a aljihu ya tafi. Da yamma na je wajen Inna, don a gidanmu idan magana ta fi ƙarfin ƙane, ta wajen uwa take bi. Na same ta tana tsince wake a faifai. Na yi mata bayani da sauƙi, har na ɗauko murfin tukunya ina juyawa don ta gane. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗago kai ba.

"Yadda Malam yake kashe motarsa ne ba daidai ba?"

"A wancan injin daidai ne, Inna. Wannan daban ne."

"To ka mai da shi irin wancan. Ban haifi ɗan da zai tsaya yana gyara wa wansa zama ba. Shi da zai kai ransa daji saboda cikinku, ka bar shi ya tuƙa yadda ya iya."

Na fito raina a ɓace. Na bi ta wajen Yaya Hajara, matarsa, uwarku ku 'ya'yan Yaya, na roƙe ta ta sa baki idan ta ga fuskarsa a sake. Ta yi dariya ta ce ita da ko keke ba ta iya ba, ina ita ina gaya wa maigidanta yadda ake mota. Ba na ganin laifinta. Ban tsammanin ma ta riƙe maganar har ta kai ɗaki.

Aka fara jigila. Abokin tafiyarsa Nomau ne, Bamaguje, sa'ansa, wanda gonarsu ke jikin tamu tun zamanin kakanni. Shi bai bar ƙauye ba, ya ce ba ya barin kushewar ubansa, sai dai ya kai iyalinsa Malumfashi. Shi ya san wanda za a tambaya ko hanya na da kyau, shi ke tara masu lodi. Su fita da hantsi, su dawo kafin la'asar, buhuna har saman ƙarfe. Motar kuwa ta yi abin da na haɗa ta don shi. Nomau ya ce tana fitowa daga yashin rafi Yaya zai sa mata giya biyu, kafin tsakiyar hawa ta karɓi uku, itatuwa na wucewa fuu. Wata rana babura suka fito musu daga duhuwa, Yaya ya taka ta, suka bi su har suka gaji suka koma. Labari ya cika tasha. Waɗanda suka yi mini dariya suka fara zuwa leƙen inji. Masara ta cika ɗakin ajiya ta fito har zaure, yara na hawa kan buhuna, Inna na sa albarka. Ni kaɗai ne ba na murna, don duk dawowar da zai yi ina jin rurin nan a ƙofar gida, kuma na san haka yake yi a ƙauye idan ya isa, haka a shingen jami'an tsaro, haka a duk inda ya tsaya shan ruwa. Nomau ya gaya mini ko a gangaren Maska kashe ta yake yi. Sau ɗaya na ga ya tuna, ya bar ta a silo, ya kalle ni ta gefen ido, ya ce to ga shi an yi wa Sule biyayya. Washegari ƙafarsa ta koma halinta.

Ba a daɗe ba na fara ganin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi idan ya tashe ta da safe. Baƙin mai ya fara raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Ranar wata Juma'a da ba su fita ba, na cire bututun iska na sa yatsa. Fankar da na saya ba ta motsi, yanzu tana rawa kamar haƙorin tsoho, bututun kuma jiƙe da mai. Na zauna a ƙasa na rasa abin da ke mini daɗi. Wanda ya san injin gas ya san abin da wannan ke nufi. Idan man nan ya sami hanya sosai, inji zai fara shan man jikinsa, ya yi ta gudu da kansa, makulli ba ya kashe shi, sai ya ƙone ko ya fashe. Bayan an sauko daga masallaci na tari Yaya a zaure.

"Yaya, motar nan ba za ta fita gobe ba. Turbon ya tafi. A ba ni lokaci in je Kano in nemo wani."

"Saura dawar Nomau. Ita kaɗai ta rage."

"Ta jira, Yaya."

"Ba ta jira. 'Yan bindiga sun aiko musu cewa duk abin da ya kwana biyu a gona wuta za a sa masa. Mutumin nan ya bar tasa a ƙarshe, ya kwashe mana tamu. In ce masa me?"

Na ce to a nemi wata mota. Ya ce in kawo direban da zai shiga, shi zai ba shi hanya. Ya ce idan abin nawa ya lalace in cire shi mana. Na ce idan na cire, giya ɗaya za ta koma a hawan, ga kuma mutanen da ya tsere wa suna jiran sa da haushi. Na ce to ni zan tuƙa, tun da na san yadda zan lallaɓa ta. Ya kalli hannuwana ya ce ni kanike ne, ban taɓa fitar da mota mai kaya daga yashi ba, a rafin zan binne ta. Wannan kuma gaskiya ya faɗa. Duk inda na juya ba ƙofa. Na koma gareji na wanke bututun tas, na yi mata juye da sabon mai, na rage famfon gas kaɗan, na yi duk abin da hannu zai iya. Da safe ya zo karɓar mota, na riƙe ƙofar direba, na kalli ƙwayar idonsa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

"Yaya, don girman Allah, yau kaɗai. Kada ka ba ta wuta, kada ka kashe ta a gangara. Idan ka isa ma kada ka kashe ta sam, a yi lodi tana silo."

"Gas ɗin ubanka ne zai ƙone?"

"Ubanmu ɗaya, Yaya."

Sai ya ɗan taɓa kafaɗata ya ce ya ji, in saki ƙofa. Na saki.

La'asar ta yi ba su dawo ba. Ina gareji ina kwance wani kafireto ina ɗaurewa ba tare da na san abin da nake yi ba, sai ga ɗan acaɓa ya sauke Nomau. Ba hula, ba takalmi, ƙafafunsa duk ƙaya da jini. Da na gan shi shi kaɗai na san komai, sauran bayani ne kawai. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, na ba shi ruwa ya ƙi sha.

"Da muka isa ya bar ta tana aiki, kamar yadda ka ce. Masu lodi suka yi nawa, rana ta yi sama. Ya ce gas na ƙonewa a banza. Ya hau, ya ba ta wuta, ya kashe."

"A dawowa fa?"

"A gangaren rafi ma ya kashe. Ya tashe ta a bakin yashi. Mun fito lafiya, mun kama hawa, muna tsakiya sai ta fara ihu. Sule, ban taɓa jin ƙarfe ya yi irin wannan kuka ba. Farin hayaƙi ya rufe mu, ba na ganin hannuna. Ya murɗe makulli, ya zare shi ma gaba ɗaya, ba ta mutu ba."

Ya ce Yaya bai ruɗe ba. Ya sa mata babbar giya, ya danne burki da ƙafar nan mai ciwo, ya saki kuloci, motar ta yi tsalle ta mutu. Ba kowane direba ne zai san wannan ba, ku 'ya'yansa ku riƙe, ubanku gwani ne. Da bai yi haka ba da injin ya fashe a fuskarsu. Amma ga su tsaye cik a tsakiyar hawa, ga hayaƙi ya tashi sama ana gani daga nesa, ga ihun da duk dajin ya ji. Ba a jima ba suka ji babura. Yaya ya ce wa Nomau ya faɗa cikin karan dawa. Nomau ya kama hannunsa yana ja, Yaya ya fizge, ya ce da wace gwiwar, idan suka tafi tare duka biyun za a kama. Nomau ya shiga kara yana rarrafe. Yana ciki ya ji suna tambayar Yaya ko shi ne mai motar da ke tsere musu, ya ji Yaya ya ce shi ne. Daga nan sai ƙarar bindiga.

Washegari da hantsi muka shiga da 'yan sa-kai muka ɗauko shi. Yana kwance a gefen tayar gaba, makullin na hannunsa. Dawar sun kwashe, motar kuma sun bar ta, tun da ba ta tashi. Muka yi masa sutura a Funtuwa. Daga baya wani mai tarakta ya jawo mini ita, na rufe gareji ni kaɗai na kwance turbon. Sandar ta yi baƙi ƙirin, ƙonannen mai ya daskare a jikinta kamar ƙanzo, wurin zamanta ya cinye. Wannan ba aikin rana ɗaya ba ne, ba kuma kuskuren ɗauri ba ne. Duk wani kanike da ya san aikinsa, idan ya gani zai gaya muku sandar da aka yi ta kashewa da zafi ce. Na bi bututun da na ja ɗaya bayan ɗaya, na bi waldar, ban sami inda aikina ya saki ba. Na zauna na yi kuka, kukan baƙin ciki da na haushi a haɗe, don ina jin haushinsa kamar in tashe shi in yi masa faɗa.

Tun ana zaman makoki magana ta fara yawo. Waɗanda suka zo leƙen inji suna yabo, su ne dai suka koma cewa dama sun faɗa, ba a sa wa tsohuwar mota abin da ba a haife ta da shi ba, Sule ya yi gwaji da ran ɗan'uwansa. Ina jin su daga inda nake zaune, ina amsa gaisuwa. Nomau ya so ya yi magana, na hana shi. Ranar addu'ar bakwai, bayan mutane sun watse, Inna ta aika a kira ni ɗakinta. Na same ta a bakin gado, ta rame, idanunta sun faɗa. Yaya Hajara na zaune a ƙasa a kan tabarma cikin mayafin takaba, ku kuma ƙanananku kuna jikinta, wataƙila wasunku sun tuna.

"Sule, zan tambaye ka, kada ka ɓoye mini. Abin nan da ka sa wa motar, shi ne ya tsayar da ita?"

Amsar tana bakina, cikakkiya. In ce na faɗa masa, na faɗa miki ke ma kina tsince wake, kika ce in bar shi ya tuƙa yadda ya iya. In ce yadda Malam ya koya masa kashe mota shi ya cinye sandar. Na kalli tsohuwar nan, na ga idan na faɗa, zan ɗora mata gawar ɗanta a ka, in haɗa da mijinta da ke kabari, ta ɗauka har ta mutu. Na kalle ku, na ga zan sa ku girma kuna cewa taurin kan ubanku ne ya mai da ku marayu. Ni kuwa ina da sauran ƙarfi a lokacin. Wallahi ba don ni waliyyi ba ne, raina na tafasa na yi shiru, kuma ko yanzu da nake rubutawa yana tafasa. Inna ta rasu bara, ku kuma kun yi gemu, shi ya sa kuke karanta wannan.

"Shi ne, Inna."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

Inna ta rufe ido ta ce Allah ya jiƙan Lawal, ta juya fuska bango. Yaya Hajara ta miƙe, ta naɗe tabarmarta, ta kama hannuwanku ta fita da ku. Da ta gama takaba ta kwashe ku zuwa gidan iyayenta a Malumfashi. Na loda rabonku na masarar nan a motar haya na kai muku har ƙofar gida, na yi sallama, na tsaya a rana. Ta aiko a gaya mini in koma da ita, 'ya'yanta ba za su ci ba.